KADA KA YI IDI KA RASA MAI IDIN

Magana ga sababbin masu bi da masu neman sanin Hanya, a kan kwanakin Kirsimati



Watan Disamba ya kama. An gama yankan dawa, hatsi ya shiga rumbu, hunturu ya sauko da hazonsa. Duk inda masu bin Almasihu su ke, tun daga Jos da Kagoro har Wusasa da Maraɗi, magana ɗaya ce a bakin kowa, watau shirin Kirsimati. Tela ya daina barci, gama an jibge masa yadi, kowa kuwa yana so a fara da nasa. Mai kaji ya ɗaga farashi, mai shinkafa ya bi sawunsa. A tashar mota ana turereniya, kowa yana neman ya isa gida kafin ranar 25 ga wata. Cikin ikilisiya ma babu sararawa: mawaƙa suna koyon waƙa kowane maraice, matan zumunta suna tara kuɗin anko, yara suna haddace ayoyi.

Ba mu ce waɗannan abubuwa haram ne ba. Allah da kansa ya sa wa Isra'ilawa idodi cikin Attaura, ya umurce su su yi murna a gabansa, su da 'ya'yansu da barorinsu da baƙon da ke zaune cikinsu. Ubangijinmu kuma ya halarci bikin aure a Kana ta Galili, bai ɓata wa kowa murna ba. Amma ka duba da kyau abin da ya kan faru ranar idin kanta. Ga mai gida zaune cikin masujada da sabuwar riga, zuciyarsa kuwa tana wurin mai bin sa bashi. Ga uwar gida ba ta zo sujada ba sam, gama tun asuba tana bakin murhu, hayaƙi ya cika mata ido. Ga saurayi yana gyangyaɗi lokacin wa'azi domin ya kwana yawo. An yi wata guda ana shiri saboda Sarkin Salama, ranar kuwa ta zo ta tarar babu salama a gida.

Saboda wannan muka rubuta maka 'yar takardar nan, domin ka san inda hutun rai ya ke, ka san kuma yadda za ka riƙe shi cikin kwanakin hidima.

I. IYAYEN DA SUKA RASA YARON A WURIN IDI

Cikin Bishara ta hannun Luka, sura 2, daga aya ta 41, akwai labarin da ya kamata kowane mai bi ya karanta kafin ya je kasuwar idi. Kowace shekara Yusufu da Maryamu su kan tafi Urushalima domin Idin Ƙetarewa. Daga Nazarat tafiya ce ta fiye da kilomita 100 da ƙafa, mutane kuwa su kan tafi cikin ayari, dangi da maƙwabta tare, kamar yadda fataken ƙasarmu su kan yi a dā. Sa'ad da Yesu ya kai shekara 12, suka tafi da shi bisa ga al'ada. Aka yi idi, aka cika kwanakinsa, ayari ya ɗaura kaya ya kama hanyar gida. Yaron kuwa ya tsaya a Urushalima, iyayensa ba su sani ba. Suka yini suna tafiya, suna zaton yana cikin ayari. Sai da suka yi tafiyar yini guda suka shiga cigiyarsa wurin 'yan'uwa da idon sani, ba su gan shi ba. Suka juya da baƙin ciki zuwa birni, bayan kwana uku suka same shi cikin haikali, zaune a tsakiyar malamai, yana sauraronsu, yana yi musu tambaya.

Ka lura da abu huɗu cikin labarin nan.

Na fari, waɗanda suka rasa shi ba miyagu ba ne. Maryamu ce, wadda mala'ika ya gaisar, da Yusufu, wanda Littafi ya shaida adali ne. Ba kuwa a wurin shashanci suka rasa shi ba. A wurin ibada ne, suna cika abin da Attaura ta umurta. Kada fa ka ce, tun da hidimata ta ikilisiya ce, ba ni da abin tsoro. Mutum ya iya rera waƙar haihuwa da bakinsa har muryarsa ta dushe, alhali ya yi kwana goma bai yi magana da Ubangiji a kaɗaice ba.

Na biyu, zato ne ya sa suka yi nisa. Da sun duba tun a ƙofar birni, da ba su wahala ba. Haka mu ma mu kan yi zato: ai ina cikin jama'ar masu bi, ai sunana yana cikin littafin baftisma, ai lalle Yesu yana nan wani wuri cikin taron. Zato ba sani ba ne.

Na uku, ba su same shi wurin dangi ba. Zumunta abu ne mai kyau, a ƙafa kuwa ta ke; ka ziyarci naka da murna. Amma ko ka zaga gidajen danginka duka, ka ci a kowane akushi, ba za su iya ba ka abin da Shi kaɗai ke bayarwa ba.

Na huɗu, sai da suka bar ayari suka koma baya kafin su gan shi. Sakacin yini ɗaya ya jawo musu neman kwana uku. Da suka same shi kuwa, a zaune ya ke, a natse, cikin gidan Ubansa. Birni duka yana ta kai da kawowa, shi bai ɓata ba. Su ne suka tafi suka bar shi.

II. KAYA UKU MASU DANNE RAI

Mene ne ke sa mutum ya gaji haka a lokacin murna? Aikin hannu kaɗai ba ya kashe zuciya. Manomi ya kan yini yana huɗa, ya kwanta ya yi barci mai daɗi. Akwai waɗansu kaya dabam da ido ba ya gani.

Kaya na fari shi ne gasa da tsoron bakin mutane. Maƙwabcinka ya yanka akuya, kai kuwa kaza ce ƙarfinka, sai kunya ta kama ka, ka tafi ka ci bashi. Matar wane ta yi zane uku, sai taka ta hana ka barci. Daga nan mutum ya kan buɗe rumbu ya sayar da hatsin da zai ci da damina, a lokacin da hatsi ya fi araha, domin ya sayi abin da ya fi tsada. Kwana biyu an cinye, an watse. Watan Janairu ya zo da kuɗin makarantar yara, mai bashi ya zo yana sallama a ƙofa. Littafin Misalai, sura 22, ya kamanta mai cin bashi da bawa a hannun wanda ya ranta masa. Mutanenmu kuma sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Almasihu ya zo domin ya 'yantar da kai. Ina amfanin ka sa kanka cikin bauta saboda bikin haihuwarsa?

Kaya na biyu shi ne yawan hidima. A ƙauyen Bait'anya, wajen kilomita 3 daga Urushalima, akwai waɗansu 'yan'uwa mata biyu, Marta da Maryamu. Ubangiji ya sauka a gidansu. Marta ta shiga ɗawainiyar abinci, 'yar'uwarta kuwa ta zauna wurin ƙafafunsa tana jin maganarsa. Ka ga abin da hidima ta yi wa Marta: ta fara da ƙauna, ta ƙare da gunaguni, har ta zo tana ganin laifin Baƙon da ta ke yi wa girkin, tana cewa bai kula da ita ba. Ubangiji bai tsauta mata saboda ta dafa abinci ba. Ya kira sunanta sau biyu da taushi, ya nuna mata hankalinta ya rabu a kan abubuwa da yawa, alhali abu guda ne ba a iya yi sai da shi. Ga alama da za ka gane ta a kanka: duk sa'ad da aikin da ka ke yi domin Yesu ya fara sa ka fushi da mutanen gidanka, to, ka bar Yaron a baya.

Kaya na uku ya fi sauran nauyi, shi ne zunubin da ba a gafarta ba. Mutane da yawa suna son hayaniya domin suna tsoron shiru. In kiɗa ya tsaya, baƙi suka watse, sai zuciya ta fara tuna musu da abin da suka yi: amanar da suka ci, ƙaryar da suka shara, mutuwa kuma da ke tafe, da hisabi bayanta. Annabi Ishaya, a ƙarshen sura 57, ya kamanta mai mugunta da teku mai hauka wanda ba ya iya kwantawa, sai dai ya yi ta tono laka. Ɗan dako ya san bambancin gammo da saukewa. Gammo yana rage zafin kaya a ka, amma kayan yana nan, wuya kuma yana nan yana ciwo. Sabuwar riga da nama da kiɗa gammo ne kawai. Mai kaya yana bukatar wanda zai kama masa ya sauke.

III. HUTUN DA YESU KE BAYARWA

A ƙarshen sura 11 ta Bisharar Matta, Ubangiji ya kira dukan gajiyayyu da waɗanda kaya ya danne su zo wurinsa, ya yi alkawari shi da kansa zai hutar da su. Bai aike su wani gari ba, bai ba su laya ba, bai sa musu kuɗin da za su biya ba. Wurin kansa ya kira su.

Ta yaya ya ke hutar da mutum? Da fari ya kan sauke kayan zunubi. Jaririn da aka kwantar cikin komin dabbobi a Baitalami, shi ne ya girma ya ɗauki laifinmu a jikinsa bisa gicciye, ya mutu, ya tashi a rana ta uku. Manzo Bulus ya koya wa Romawa, a farkon sura 5, cewa wanda aka karɓa a kan shi mai adalci ne ta wurin bangaskiya ya riga ya sami sulhu da Allah. Wannan ita ce tushen kowace salama. Wanda ya san Mahaliccinsa ba ya fushi da shi, me zai sa ya ji tsoron dariyar maƙwabci a kan tsohuwar riga?

Bayan wannan ya kan ba mutum karkiyarsa. Kada ka yi mamaki da jin an haɗa hutu da karkiya. Mai garmar shanu ya san yadda a kan hori ɗan bijimi: a kan haɗa shi da babban sa wanda ya san aiki, karkiya ɗaya a wuyansu. In ƙaramin ya yi ta fizge-fizge, zai ji ciwo, ya gaji tun hantsi. In ya bi takun babban, sai ya tarar babban ne ke jan nauyin, kunya kuma tana miƙewa sosai. Hutun mai bi ke nan. Aiki yana nan, baƙi suna nan, tukunya tana kan wuta, amma ba shi kaɗai ke ja ba, ba kuma shi ke zaɓen taku ba.

Domin haka salamar nan ba ta jiran sai komi ya lafa. Markus ya ba da labari, a sura 4, yadda hadiri ya taso wa almajirai a kan Tekun Galili, ruwa yana cika jirgi, Ubangiji kuwa yana barci a bayan jirgin bisa matashi. Bulus kuma yana ɗaure cikin kurkuku sa'ad da ya rubuta wa Filibiyawa ya gargaɗe su kada su damu da komi, sai su kai kowace bukata gaban Allah da addu'a da godiya, salamar Allah kuwa za ta yi tsaron zukatansu. Ɗaurarre ne ke koya wa sakakku kwanciyar rai. Haka kuma Agustin, babban malamin ikilisiya, mutumin Afirka ta Arewa, wanda ya yi aikin bishof a Hippo cikin ƙasar da a ke kira Aljeriya yanzu: ya nemi gamsuwa cikin ilimi da suna da sha'awar jiki tun yana saurayi, bai samu ba, har aka yi masa baftisma a shekara ta 387. Ya rubuta labarin ransa, jigon shaidarsa kuwa shi ne bai sami natsuwa ko'ina ba sai da ya komo wurin Allah.

IV. YADDA DAREN FARKO YA KASANCE

Yana da amfani ka san asalin ranar nan, domin kada wani ya ɗora maka abin da Allah bai ɗora ba. Littafi Mai Tsarki bai faɗi ranar da aka haifi Yesu ba, bai kuma umurta a yi bikinta ba. Shaidar farko da a ke da ita ta kiyaye 25 ga Disamba daga birnin Roma ta fito, wajen shekara ta 336. Har wa yau Kiristocin Habasha da Kibɗawan Masar suna yin nasu a 7 ga Janairu. Al'ada ce mai kyau ta ikilisiya, mu ma muna kiyaye ta da murna. Amma cetonka bai rataya a kan shinkafa ko anko ba.

Ka tuna kuma da yadda abin ya faru. Kaisar Augustas ya ba da umurni a ƙidaya mutane, hanyoyi suka cika, Baitalami ta cika maƙil, har Yusufu da Maryamu suka rasa wuri a masauki. Mutanen gari suna can cikin hidimarsu, babu wanda ya san abin da ke faruwa kusa da shi. Waɗanda aka yi wa albishir makiyaya ne, suna zaune a fili da dare, suna tsaron garkensu. Su ne ke da kunnen ji. Bayan kwana 40, da aka kai Jaririn haikali, hadayar da iyayensa suka miƙa 'yan tsuntsaye biyu ce. Littafin Firistoci, sura 12, ya nuna wannan ita ce hadayar wanda ba shi da halin ɗan rago. Allah bai ji kunyar Ɗansa ya tashi a gidan da tsuntsu biyu ne ƙarfinsu ba. Kai fa, don me za ka ji kunyar kazarka guda?

V. YADDA MAI BI ZAI TAFIYAR DA KWANAKIN NAN

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ga shawarwari, ka fara aiki da su tun farkon wata.

1. Ka ba Ubangiji farkon yininka. Markus ya ce, bayan wani yini mai yawan aiki a Kafarnahum, Yesu ya tashi tun da sauran duhu, ya fita zuwa wurin da babu kowa, ya yi addu'a. In Shi ya bukaci haka, balle kai. Tun shekara ta 1932 Littafi Mai Tsarki duka yana cikin harshen Hausa. Bisharar Luka sura 24 ce. In ka karanta sura guda kowace safiya daga 1 ga Disamba, za ka gama a jajibirin Kirsimati, ka shiga idin ka san ko Wane ne a ke yi dominsa. In ba ka iya karatu ba tukuna, ka roƙi wani ɗan'uwa ya karanta maka. Ka ajiye wayarka nesa har ka gama. Ruwan rafi da aka ɗebo cikin tulu ba ya tacewa in ana girgiza shi. Sai an ajiye shi laka ta kan kwanta.

2. Ka sa iyaka ga kashe kuɗi. Ka zauna da matarka, ku lissafta abin da ke hannu, ku fid da na Allah, ku ware na makarantar yara da abincin da zai kai ku kaka mai zuwa, abin da ya ragu shi ne na idi. Kada ka ci bashi domin ado. Ke kuma, 'yar'uwa, kada ki matsa wa mijinki a kan zane har ki tura shi ga abin kunya. Busasshiyar loma da kwanciyar rai, in ji Misalai sura 17, ta fi gida cike da nama da faɗa.

3. Ku raba aiki. Ba daidai ba ne mai gida ya tafi sujada fes da shi, ya bar matarsa da 'ya'yansa mata cikin hayaƙi, sa'an nan ya komo yana tambayar abinci. Ran mace daidai ya ke da naka a gaban Allah, ita ma tana bukatar ta ji Bishara. A ɗebo ruwa, a faskara itace, a yi abin da za a iya tun jajibiri. Gara a rage kwano ɗaya, gidan duka su tafi masujada tare.

4. Ka koyi cewa a'a, ko cikin aikin ikilisiya. Sabon mai bi ya kan so ya shiga kowace ƙungiya saboda zafin ƙauna. Amma sa'ad da manzanni suka komo daga aikin wa'azi, jama'a suna ta zuwa har ba su sami zarafin cin abinci ba, Ubangiji da kansa ya janye su gefe domin su huta kaɗan. Ka ɗauki aiki ɗaya ko biyu, ka yi su da zuciya ɗaya.

5. Ka shirya da wanda kuka ɓata. Babu mai samun hutu da gaba a ƙirjinsa. Ubangiji ya koyar, a Matta sura 5, cewa wanda ya kawo baiko ya tuna ɗan'uwansa yana da magana a kansa, ya ajiye baikon tukuna, ya je su shirya. Ka je da ƙafarka kafin ranar, kada ka jira shi ya fara.

6. Ka guji giya da yawon dare. A wurare da yawa an mai da kwanakin nan na burukutu da fasikanci, a kan hanya kuwa rayuka su kan salwanta saboda gaggawa da maye. Wanda ya nemi hutu cikin ƙwaryar giya zai farka da kayansa na jiya, da ƙari a kai.

7. Ka tuna da wanda ba zai iya rama maka ba. Ubangiji ya ce in za a yi biki a kira matalauta da guragu da makafi. Ka duba gwauruwa da maraya da baƙon da bai sami kuɗin motar zuwa gida ba. Ka aika da akushi gidan maƙwabcinka Musulmi, kamar yadda shi ma ya kan aiko maka da nama ranar Layya. Zaman lafiya da maƙwabci yana cikin shaidarka. In abin hannunka kaɗan ne, kada ka damu: shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

8. Da maraicen idi, ka tara iyalinka, ku karanta ayoyi 20 na farkon Luka sura 2, ku yi godiya, ku yi shiru kaɗan. Luka ya faɗa har sau biyu cikin surar nan cewa Maryamu ta adana al'amuran a zuciyarta. Idin da ba a yi tunani a kansa ba, da wanke kwanuka ya ke ƙarewa.

VI. GA WANDA BA SHI DA WURIN ZUWA

Wataƙila kai da ke karanta wannan ba yawan hidima ke damunka ba. Wataƙila tun da ka bi Almasihu danginka suka juya maka baya, kana ganin kowa yana ɗaura kaya zuwa gida, kai kuwa ƙofar gidanku a rufe ta ke. Wataƙila kuma bana akwai tabarmar da babu mai zama a kanta, gama mutuwa ta shiga gidanka. Murnar mutane ta kan ƙara wa mai baƙin ciki nauyi.

Ka ji wannan, ɗan'uwa. Mai idin ya san halinka, gama shi ma an rasa masa wuri a daren haihuwarsa, yana jariri aka gudu da shi Masar saboda takobin Hirudus, da ya girma kuma akwai lokacin da 'yan'uwansa ba su gaskata da shi ba. Ba ya bukatar ka yi dariyar dole a gabansa. Ka faɗa masa abin da ke ranka yadda ya ke. Kada ka riƙe iyayenka da ƙiyayya. Ka ci gaba da girmama su, ka yi musu addu'a, ka aika da gaisuwa in da hali. Kada kuma ka kulle kanka a ɗaki. Ka sanar da pasto ko wani dattijon ikilisiya halin da ka ke ciki. Ku kuma da kuka daɗe cikin bangaskiya, ku buɗe ido: abin kunya ne ikilisiya ta yi waƙa a kan Wanda aka rasa wa masauki, ta bar sabon ɗan'uwa ya yini shi kaɗai.

VII. KIRA A RANAR ƘARSHE TA IDI

Sauran magana ɗaya, gare ka kai mai nema, wanda ba ka ba da kanka ga Yesu ba tukuna. Yohanna ya rubuta, a sura 7, cewa a rana ta ƙarshe ta Idin Bukkoki, babbar ranar, bayan mutane sun yi mako guda suna ci suna sha suna murna, Yesu ya miƙe tsaye ya ɗaga murya, ya kira duk mai jin ƙishi ya zo wurinsa ya sha. Ya san an yi idi an gama, ƙishin kuwa yana nan. Kai ma ka ga bukukuwa da yawa a ranka. Wanne ne cikinsu ya bar maka salamar da ta kai mako guda?

Ba sai ka sami sabuwar riga ba kafin ka zo, ba sai ka gyara halinka tukuna ba. Ka zo da kayanka a ka, gama saukewar aikinsa ne. Ka furta zunubinka, ka gaskata ya mutu dominka ya kuma tashi, ka sa wuyanka cikin karkiyarsa. Sa'an nan ka nemi masu bi da ke kusa da kai domin su koya maka Hanyar sosai. In kuwa kai mai bi ne, amma ka duba ka ga ka yi tafiyar yini ba tare da shi ba, kada ka ƙara taku ɗaya. Ka juya yau. Yana nan inda ka bar shi, ba zai kuwa kore ka ba.

In kana so, ka yi addu'a kamar haka:

Ya Ubangiji Yesu, Kai da ka bar ɗaukakarka ka kwanta cikin komin dabbobi saboda ni, ga ni na zo da gajiyata. Ka gafarta zunubaina, ka sauke mini kayan da ba ni iya ɗauka. Ka raba ni da tsoron mutane da kwaɗayin abin da ba ka ba ni ba. Ka koya mini in bi takunka cikin aikin kwanakin nan, in yi wa iyalina da maƙwabtana hidima da sakin fuska. Kada ka bar ni in yi idinka in rasa ka. Ka zauna cikin gidana da zuciyata, yau da dukan kwanakina. Amin.

In ka gama karanta takardar nan, ka miƙa ta ga wani.